Ranar da Kwamfutar Haula ta Ƙone

Sabo dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta Tawa. Mutum ne mai son a zo wurinsa da matsala. In babur ɗin wani ya ƙi tashi, Sabo ya san bakanike. In wani na neman ɗakin haya, Sabo ya san mai gida. Ba mugu ba ne, sai dai yana jin daɗin a ce a fada, "Ai Sabo ne ya gyara mana."

Matarsa Haula sakatariya ce a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta. In ta taso da rana, sai ta zauna gaban kwamfutarta ta tebur a falo, tana buga wa ɗaliban jami'a takardunsu na kammala karatu. Kwamfutar ba sabuwa ba ce, amma Haula tana kula da ita kamar jinjiri. A ƙarƙashin teburin, bayan wani zane da ta saki har ƙasa, akwai regilatar, wani akwatin ƙarfe mai nauyi da ke daidaita ƙarfin kuran, wato wutar lantarki, kafin ya shiga na'ura. Waya ta taso daga bango ta shiga akwatin, daga akwatin ta shiga ralon mai bakuna da yawa, a nan kwamfuta da fanka suke sha. Unguwarsu tana ƙarshen layi, kuma da bazara kuran ba ya tsayawa wuri ɗaya: ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, can kuma ya yi fari har ya kashe ido. Duk lokacin da haka ta faru sai ka ji akwatin yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin tebur. In aka ɗauke wuta aka maido, yakan riƙe ta tukuna, sai ta lafa ya sake ta.

A cikin bazarar nan mahaifin Haula, Malam Illa, ya zo daga Tebaram aka yi masa aikin yanar ido. Likita ya ce ya zauna kusa har idon ya warke, sai aka shimfiɗa masa katifa a falo inda fanka take. Manomi ne, tsoho mai kawaici, wanda ko kofin gidan wani ba ya ɗauka sai an miƙa masa. Tsakaninsa da Sabo gaisuwa ce kawai. Sabo ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe shi yana kallon ƙasa, ya tashi. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Rannan aka yi suna a gidan Baƙo, abokin Sabo tun suna yara. Baƙo ya aro firigo babba don lemo da ƙanƙara, amma tun safe kuran ya yi ƙasa, firigon sai gurnani yake ya kasa tashi. Mata na ta zuwa suna taɓa kwalabe suna taɓe baki. Baƙo ya ja Sabo gefe, zufa na zubo masa.

"Dangin matata sun taho tun daga Barmu, kuma ruwan zahi za ni ba su?"

"Kwantar da hankalinka," in ji Sabo. "Akwai maganin wanga abu a gidana."

Ya hau babur ya koma gida. Haula tana lakwal, ƙaramar 'yarsu Shamsiya tana gidan suna tare da maƙwabciya, tsohon kuma yana zaune a inuwar dogonyaro a tsakar gida yana jan carbi. Sabo ya gaishe shi, ya shiga falo, ya ɗaga zanen tebur ya zare akwatin. Don kada fanka ta tsaya wa tsohon in ya shigo hutawa, sai ya cusa wayar ralon kai tsaye a bango. Ya dubi kwamfutar. Ya tuna Haula ta sha faɗa masa cewa ko a kashe take, muddin wayarta na jone, wuta na iya cin ta. Ya ce a ransa ai kafin la'asar zai maido. Ya sa akwatin a buhu ya fita.

Firigon ya tashi. Aka sha lemo mai sanyi, aka yi ta yaba Sabo.

Da rana tsaka aka ɗauke wuta a unguwa duka. Bayan azahar aka maido. Malam Illa dama jira yake, don wayarsa ta mutu kuma yana son ya kira matarsa Kadidiya, mahaifiyar Haula, a Tebaram. Da ya ji fanka ta fara juyawa, sai ya lallaba ya cusa cajarsa a bakin ralon da Haula ta nuna masa tun ranar da ya zo. Hannunsa bai bar wurin ba fanka ta ɗauki ƙugi kamar za ta tashi sama, ƙwan falo ya fashe, wani abu ya yi ƙara a cikin kwamfutar, hayaƙi siriri ya fito ta bayanta.

Sabo ya dawo gabanin la'asar da buhu a bayan babur. Ya tarar da surukinsa tsaye a rana, ba hula, baƙin gilashin asibiti a fuskarsa. Warin ƙonanniyar roba ya cika gidan.

"Malam Sabo," in ji tsohon, "na yi ɓarna. Na ƙone wa yarinyar nan injin aikinta."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa. Sabo ya gane abin da ya faru tun kafin tsohon ya rufe baki. Amsar tana kan harshensa, gajeruwa ce. Amma ya hango kansa durƙushe gaban suruki yana cewa ya ɗauke kayan matarsa a ɓoye don a sha lemo, sai ya haɗiye ta.

"Baba, zauna a inuwa, bari in duba."

Ya shiga da buhun ta gefen idon da aka rufe wa tsohon bayan aiki, inda ba ya gani. Ya durƙusa, ya zare ralon daga bango, ya maida akwatin mazauninsa, ya jona komai yadda yake, ya saki zanen. Da ya fito sai ya ce, "Ƙaddara ce, Baba. Allah ya kiyaye gaba."

Haula ta shigo ba da jimawa ba. Tun daga ƙofa ta ji warin. Ta yar da jakarta, ta danna kwamfutar, shiru. Ta ɗaga zane ta ga 'yar fitilar akwatin tana ci lafiya lau. Ta dubi ralon ta ga cajar mahaifinta, irin ta bakin hanya, ta yi baƙi. Aikin ɗalibai da yawa yana cikin na'urar, wasunsu sati mai zuwa za su miƙa.

"Baba, mi ka taɓa?" Muryarta ta fita sama da yadda ta nufa. "Wutar da ta hi wagga ta zo, akwatin nan ya tare. Mi ka sa a nan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana shafa gwiwarsa. Haula ta ji abin da ta yi, ta rufe baki da hannu, ta shige ɗaki. Sabo yana tsaye a jikin babur yana goge madubin da ba shi da datti.

Washegari suka ɗauki kwamfutar da akwatin suka kai wa Alƙasum mai gyara a kusa da babbar kasuwa. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya nuna musu inda wuta ta shiga ta cinye ɓangaren da ke raba kuran, ta wuce ta taɓa babban allon ciki. Ya ce cajar waya ba ta yin wannan, wuta ce ta zo da ƙarfi fiye da kima, kuma tun jiya mutanen unguwarsu ke kawo masa talabijin da rediyo. Ya gwada akwatin ya ga lafiyarsa ƙalau.

"To ya aka yi ta wuce shi?" in ji Haula.

Alƙasum ya ɗaga kafaɗa. "Wani lokaci ana samun haka. Ko kuma ba ta cikinsa aka bi ba."

"Ta cikinsa aka bi. Ni na gani da idona."

Sabo ya ce yana da ciniki a kasuwa, ya fita ya bar su.

Haula ta dawo gida ta durƙusa gaban mahaifinta ta ba shi haƙuri, ta faɗa masa abin da mai gyara ya ce. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Allah shi yi miki albarka." Amma a fuskarsa ta ga bai yarda ba. Shi dai ya san hannunsa na kai abin ya faru, kuma ya ɗauka lallashinsa ake yi. Daga ranar bai ƙara kwana a falo ba, ya maida tabarmarsa ƙarƙashin bishiya duk da zafi da sauro. Kafin likita ya sallame shi ya ce sharar gona na jiransa, ya hau motar Tebaram.

Sabo ya ɗauka da tafiyar tsohon abin zai yi sauƙi. Bai yi ba. Haula tana fita da sassafe ta je shagon wata ƙawarta ta ari na'ura, tana sake buga aikin ɗalibai daga rubutun hannunsu, ta dawo da yamma idonta ja. Ba ta taɓa zarginsa da komai ba. Har godiya take masa in ya kai ta a babur. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya rage zuwa fada, don Baƙo ba ya ganinsa bai tuna masa da firigon ba, yana dariya yana dafa kafaɗarsa. Sau da yawa yakan shirya maganar a hanya, ya shigo gida ya ga Haula, sai ya tambaye ta ko akwai ruwan wanka.

Sai labari ya zo musu cewa Malam Illa ya shigo Tawa an duba idonsa, ya kwana a rumfar wani ɗan garinsu kusa da tasha, ya koma bai taka gidan ba. Haula ta zauna bakin gado ta yi kuka mara sauti.

"Ubana ya kwana tasha, ni ina da ɗaki a garin nan. Baban Shamsiya, bakina ne ya jawo. Da na yi shiru rannan."

Sabo ya ce, "Ki daina ɗora wa kanki." Ya fita tsakar gida ya tsaya, ya rasa abin da ya fito yi.

Ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, yana tsakiyar shanu yana duba haƙoran wata karsana, sai ya ji an yi masa sallama. Almustafa ne, yayan Haula, riƙe da igiyar wani jan sa mai ƙaramin tozo. Sabo ya san san. Shi ne ke jan amalanken Malam Illa, shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa.

"Baba ya ce in kawo maka," in ji Almustafa. "Ya ce kai ka san kasuwa, ba za a cuce shi a hannunka ba. A sayar, a saya wa Haula wani injin. Mun hana shi, ya ƙi. Ya ce shi ba ya kwana da haƙƙin ɗiya tai."

Masu saye sun riga sun fara kewaye san, wani na danna cinyarsa, wani na ɗaga wutsiya. Wani Buzu mai rawani ya tambayi Sabo a nawa za a buɗe. Sabo ya buɗe baki, aikin da yake yi kullum ba tare da tunani ba, sai ya rufe shi. San ya juyo ya dube shi yana tuƙa.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Sabo.

Almustafa ya yi masa kallon mamaki. Sabo ya karɓi igiyar ya ɗaure san a inuwa, ya roƙi Almustafa ya zauna da shi, ya hau babur.

Ya samu Haula tana tsince shinkafa a tsakar gida. Bai zauna ba. Ya faɗa mata tun daga firigon Baƙo har zuwa buhun da ya shiga da shi ta gefen idon da aka rufe. Bai rage komai ba, don ya ga in ya tsaya gyara magana ba zai ƙarasa ba. Ta ajiye faifan a hankali.

"Kana tsaye na ɗaga wa ubana murya."

"Ina tsaye."

"Kana tsaye a shagon Alƙasum na ce na gani da idona."

Ya gyaɗa kai.

"Injin ba komi ba ne, Baban Shamsiya. Da ka hwaɗa mini rannan, da na yi hushi na kwana na huce. Amma tsoho mai ido ɗaya ka bari ya ɗauka." Ta ɗauki faifanta. "Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ka san hanyar Tebaram."

Da yamma motar kasuwa ta ɗauke su, shi da Almustafa da san a baya tare da buhunan hatsi. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada. A kan hanya ya faɗa wa Almustafa. Almustafa bai zage shi ba, ya dai juya fuskarsa wajen taga har suka isa.

Sun tarar da Malam Illa a ƙofar gida bayan magariba, shi da wasu dattawa biyu. Da ya hangi san sai ya miƙe.

"Ba a taya ba?"

Sabo ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa. Ya so ya jira dattawan su tashi, amma ba su da niyya, kuma ya ga in ya jira zai sake samun dalilin yin shiru. Ya yi maganar yana kallon yatsun ƙafar surukinsa.  Da ya zo wurin buhun sai ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya ya kau da kai, kamar shi ne ya yi abin.

Malam Illa ya zauna a hankali, ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Ke nan ba hannuna ba ne."

"Ba hannunka ba ne, Baba."

"To." Ya maida gilashinsa. "Na hwaɗa wa mutanen garin ga duka ni na ƙone shi. Har a masallaci an yi mini jaje." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Malam Sabo, da ka ce mini tun rannan, ai da mun rufa wa juna asiri, ni da kai. Ni ma na yi ƙuruciya."

Sabo bai iya ɗaga kai ba.

"Ni na yahe. Amma akwai wadda ta hi ni shan wahala. Uwar yarinyar ba ta bar ni na huta ba tun da na dawo, tana cewa na je na kunyata ta a gidan suruki. Ita ma ba ta barci. Tashi ka hwaɗa mata da bakinka."

Wannan ya fi na farko nauyi. Tun da aka ɗaura aurensa Sabo bai taɓa haɗa ido da Kadidiya ba. In ta hango shi a hanya takan sake lungu. Almustafa ya raka shi har bakin zanar da ta raba tsakar gida, ya ce, "Inna, ga Sabo da magana," ya tafi. Sabo ya durƙusa a wajen zana, ita tana ciki, yana jin motsin muciyarta a tukunya. Ya sake faɗa tun daga farko. Muciyar ta tsaya. Da ya gama sai ta tambaya, ba shi ba, kamar da iska take magana:

"Yarinyar ta sani?"

"Ta sani, Inna."

"Ta ci abinci?"

"Ban sani ba, Inna."

Muciyar ta ci gaba. Bayan ɗan lokaci aka turo kwanon tuwo ta ƙarƙashin zana. Ya ɗauka ya kai ɗakin baƙi, ya ajiye a gabansa, ya ci loma kaɗan don kada a ce ya ƙi.

Da safe ya koma Tawa. Ya je wurin Alƙasum, wanda ya samo ɓangarorin da suka ƙone daga wata tsohuwar na'ura. Ma'ajiyar rubutun ba ta mutu ba, yawancin aikin Haula ya dawo, ko da yake ta riga ta sake buga shi. Alƙasum ya ba da shawara a ƙara ondilar, mai batir a ciki, wanda ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta har a kashe ta lafiya, a kuma binne wayar ƙasa a gidan, mai janye wutar da ta yi yawa. Sabo ya yi duka biyun. Shi da kansa ya haƙa ramin, ya ƙi bari a kira lebura. Baƙo da ya ji labari ya zo har gida yana ba Haula haƙuri, ta ce masa shi ba ruwansa.

Haula ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta ci gaba da gaishe shi da safe, tana zuba masa abinci, a hankali har hira ta dawo. Amma ranar da aka maido kwamfutar ba ta bari an ajiye ta a falo ba. Ta share ƙaramin ɗakin da suke tara tarkace, ta sa aka kai teburin can, ta saya masa kwaɗo. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Sabo yana wucewa ta gaban ƙofar kullum in zai ɗauki babur, kuma bai taɓa tambayarta dalili ba.